Yadda ake ɗaura wa tarakta rumfar tamfol a ƙasashen sanyi

A jihohin Iowa da Minnesota na Amurka, da lardunan Manitoba da Saskatchewan na Kanada, saukar sanyi ba ta ba wa manomi hutu. Shuka ta tsaya, amma shanu sai sun ci ciyawa kowace safiya, sai an kwashe taki daga garke, sai an ture dusar ƙanƙara daga hanya kafin motar ɗaukar madara ta iso. Manyan taraktocin zamani suna da ɗakin direba na gilas mai na'urar ɗumama, sai dai waɗannan ƙananan ayyuka galibi tsofaffin taraktoci ake bar wa: Farmall M, Ford 8N, John Deere 4020, Massey Ferguson 135, masu kujera a fili, ba bango ba rufi. Ɗalibi ko ma'aikaci daga wajenmu da ya samu aiki a irin wannan gona, makullin ɗaya daga cikinsu za a fara miƙa masa.

Sanyin kuwa ba na wasa ba ne. Idan ma'auni ya nuna digiri 20 na Celsius ƙasa da sifili, iska kuma tana gudun kilomita 30 a awa, jiki zai ji shi kamar digiri 33 ƙasa da sifili. A wannan mataki fatar da aka bari a buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30.

Dabarar da manoman can suka daɗe da ita ita ce rumfar tamfol. Wanda ya je saye zai ji ana kiranta Heat Houser, sunan samfurin kamfanin Burch na garin Fort Dodge a Iowa, ko Weather Brake na kamfanin Femco. A ido tana kama da labulen da masu adaidaita sahu ke saukewa idan ruwa ya tsuge, amma tare iska rabin aikinta ne kawai. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ke ƙonawa yana fita ne ta lagireto a matsayin zafi. Fanka tana zuƙo iska ta cikin lagireton, ta watso ta a jikin inji, daga nan ta zube ta gefe biyu ta bi sarari. Tamfol ɗin yana rufe waɗannan gefuna, sai iskar ta rasa mafita face ta baya, inda ƙafafu da cinyoyin direba suke. Wato rumfar magudana ce ta iskar inji. Duk abin da ke cikin wannan iska, zafi ne ko hayaƙi ko tururin fetur, a jikinka zai ƙare, kuma daga nan ne duk matakan da ke ƙasa suka samo asali.

Mataki na farko: gano inda fanka ke tura iska

Kafin ka kashe ko sisi, tayar da injin, ka sa giya a furi, ka ja birkin ajiya. Ɗauki fallen takarda ka kusantar da shi gaban lagireto. Idan takardar ta manne, fankar tana zuƙowa daga gaba tana turawa baya, rumfa za ta yi maka aiki. Haka yawancin tsofaffin taraktoci suke. Wasu ƙanana na zamani, irin su jerin Kubota BX, lagiretonsu yana bayan inji ne, suna jan iska daga wajen ƙafafun direba suna tura ta gaba. A irin waɗannan ba za ka samu ɗumi ba ko ka naɗe injin gaba ɗaya, kuma idan ka toshe ragar da ke ƙarƙashin sitiyari injin ne zai yi zafi. Abin da ya dace da su shi ne rumfa mai tare iska kawai.

Ka kuma san irin man da injin ke sha. Na fetur yana saurin ɗaukar zafi, yana ba da ɗumi ko da aikin mara nauyi ne. Na dizal idan yana silo kusan ba ya ba da komai, sai an ɗora masa nauyi. Mai tarakta ta dizal da aikinsa bai wuce kai dami ɗaya ya dawo cikin minti goma ba, kada ya sa rai da yawa.

Mataki na biyu: salansa kafin tamfol

Nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau sama da 200. Injin fetur ya fi na dizal fitar da ita nesa ba kusa ba. A taraktar da ke buɗe, ƙaramar ɓula a manifol, wato bututun da ke kwashe hayaƙi daga inji zuwa salansa, ba ta damun kowa, iska na kwashe hayaƙin. Ranar da ka rufe gefen injin, wannan ɓula ta zama bututu mai nufo hancinka.

Duba injin yana sanyi, da tocila mai haske. Bi manifol daga inda ya haɗu da kan inji har zuwa inda salansa ta zauna. Baƙin toka da ya yi zane a gefen gasket alama ce ta yoyo. Haka tsaga a jikin ƙarfen, da noti da ya karye ko ya ɓace, da salansar da tsatsa ta cinye gindinta. Sai ka tayar da injin ka saurara a mintin farko, kafin ƙarfe ya buɗe da zafi ya matse ɓular: ƙara mai kama da "tas-tas-tas" da ke bin bugun inji yoyo ne. Duk abin da ka samu a gyara shi da sabon gasket ko sabon manifol. Liƙe tsaga da gam ko ɗaure ta da gwangwani da waya gyaran kwana biyu ne, ban ga dalilin da mutum zai jingina numfashinsa a kansa ba.

Lura da inda bakin salansar yake. Idan a tsaye take a kan bonet, bakinta ya ɗara kanka tsayi alhali kana zaune. Gilashin roba na rumfar yana haifar da wata iska mai juyowa a bayansa, wadda kan jawo hayaƙi ƙasa idan bututun gajere ne. Ƙara masa tsawo abu ne mai sauƙi. Taraktoci irin Ford 8N kuwa salansarsu tana bi ta ƙasa ne ta fita a baya, don haka sai ka kwanta ka duba tsawon bututun duka, musamman sashen da ke ƙarƙashin matakar ƙafa.

Bayan hayaƙi sai mai. Kaburetar da ke ɗiga, ƙaramin kofin gilas na tace fetur da ke ƙarƙashin tanki, tiyon dizal da ke gumi, murfin bawul da ke zubar da baƙin mai, duk a gyara. Tamfol yana shan mai, kuma tamfol da ya sha mai a kusa da manifol wuta kawai yake jira. Wanke injin, ka cire ƙaiƙayi da ciyawa da sheƙar ɓeraye da suka maƙale a lunguna. Wayar lantarki da ta saɓule a naɗe ta, ruwan batir kuma kada ya taɓa tamfol domin yana cinye auduga.

Daga nan ka duba tsarin sanyaya inji: fambel ya ɗaure daidai, ragar lagireto ba ta toshe ba, allurar zafi tana aiki, tamostat, wato ƙaramin bawul da ke tsare ruwa a inji sai ya yi zafi, yana nan. Tsofaffin taraktoci da yawa an cire musu tamostat a wani lokaci, kuma ba tare da shi ba ruwan ba zai kai zafin aiki ba a cikin sanyi. Mai buɗewa a digiri 82 shi ne aka fi sakawa. Ruwan lagireto ya zama rabi ruwa rabi maganin hana daskarewa, haɗin da ke jurewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Zuba ruwa zalla irin yadda aka saba a gida, a can dare ɗaya ya isa ya fasa bulok ɗin inji.

Mataki na uku: zaɓen rumfa

Akwai wadda aka ɗinka don samfurin tarakta guda, akwai ta gama-gari. Ta farkon ta fi tsada amma ramukanta sun dace da inda sandar sitiyari da kuloci da matatar iska suke. Ta gama-gari sai ka yi yanka da ƙari. Idan taraktar tana ɗauke da loda, wato bokitin ɗaukar kaya, a gaba, ka faɗa wa mai sayarwa tun farko, domin ƙarafan loda suna bi ta daidai inda tamfol zai kwanta. Ka kuma tantance ta inda ake hawa kujerar: ta baya kamar Farmall M, ko ta gefe kamar Massey Ferguson 135. Mai hawa ta gefe tana buƙatar ƙofa.

Tamfol na auduga mai kauri da aka shafa wa maganin ruwa ya fi jure zafin inji. Na roba ya fi sauƙin gogewa, amma yana narkewa idan ya taɓa ƙarfe mai zafi. Shuɗiyar ledar rufe kaya ta kasuwa ba ta cikin lissafi. Idan tsohuwa za ka saya, wadda ake samu a gwanjon kayan gona, abin dubawa shi ne ƙarafan da ke riƙe ta su cika. Gilashin roba da ya yi rawaya kowane mai ɗinkin kujerun mota zai canza maka shi.

Mataki na huɗu: ɗaurawa

Shigar da kayan cikin ɗaki mai ɗumi su kwana. Gilashin roba da aka warware cikin tsananin sanyi yana tsagewa, tamfol kuma ba ya miƙewa. Idan da hali a yi aikin tun watan Oktoba, kafin yatsu su fara ƙin kama sifana. Injin a kashe, a sanyi, makulli a aljihu.

Fara da ƙarafan. Yawanci akwai baka guda da ke tsayawa a gaban sitiyari yana riƙe gilashin, da hannuwa biyu da ke miƙewa baya zuwa madgad ko gatarin baya. Saka dukkan notuna da hannu, kada ka ɗaure ko ɗaya tukuna. Hau kujera ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe da safar hannu mai kauri, ka tabbatar bayan hannunka ba ya bugun ƙarfe. Idan taraktar tana da ƙarfen kariya na kifewa, wanda ake kira ROPS, kada a huda shi, kada a yi masa walda. Da maƙalai masu noti ake kama shi.

Sai tamfol. Shimfiɗa shi a kan bonet, ka daidaita tsakiyarsa da tsakiyar tarakta, sannan ka fara ɗaurewa daga gaba. Bakin gaba na kowane gefe ya tsaya daf da bayan lagireto, kada ya leƙa gaban ragar. Akwai ɗamara da ke bi ta saman bonet da waɗanda ke bi ta ƙarƙashin inji, wasu da sifirin. Ja su kaɗan-kaɗan, hagu da dama bi da bi, har tamfol ɗin ya miƙe. Kada ka ja shi ƙam, domin auduga tana tsukewa idan ta jiƙe ta bushe, sai ta yage a bakin zobba.

Yanzu zagaya ka duba abubuwa uku da idonka da hannunka. Tsakanin tamfol da manifol ko salansa a samu tazarar yatsu huɗu ko fiye. Inda tazarar ba ta samu ba, sa guntun kwano ko lanƙwasasshen ƙarfe ya tokare shi. Na biyu, ba abin da zai iya lilo ya taɓa fanka, fambel ko fulin janareta, musamman idan iska ta turo tamfol ɗin ciki. Na uku, bakin matatar iska ya kasance a waje, inji ya shaƙi iska mai tsabta. Ragowar ɗamara a naɗe a ɗaure, ko a yanke. Igiya mai reto a kusa da sandar PTO, wato sandar bayan tarakta mai juya injinan da ake ɗaura mata, wadda ke juyawa sau 540 a minti, tana iya naɗe rumfar duka, har da wanda ke riƙe da ita.

Koma kujera da takalmin da za ka yi aiki da shi, wanda ya fi na kullum faɗi. Taka kuloci har ƙasa, taka birkin hagu da na dama, gwada totur da giya da sandar haidurolik. Sauka ka sake hawa sau biyu ko uku, ka ga ko akwai abin da ke kama rigarka ko ƙafarka. Idan komai ya yi, sai ka ɗaure notuna. Gilashin roba shi ne na ƙarshe.

Ramukan da ke ƙarƙashin ƙafa su ne ke zubar da ɗumin da aka sha wahalar tarawa. Guntun tabarmar roba da aka yanka daidai yana maganin wannan, muddin an ɗaure shi yadda ba zai zame ƙarƙashin feda ba. Bayan rumfar kuwa a bar shi a buɗe. Da gangan aka yi ta haka, don iskar da ta shigo ta wuce ta fita.

Mataki na biyar: gwajin farko

A waje za a yi shi, ba cikin rumbun ajiye tarakta ba ko da ƙofa a buɗe take. Bar injin ya ɗumama, ka yi aiki mara nauyi na kamar minti 20, idonka a kan allurar zafi. Tsaya, kashe inji, ka shafa tamfol ɗin ta waje a gefen salansa. Wurin da hannu ba zai iya zama a kai ba ya yi kusa da yawa. Ƙaurin ƙuna ko tabo mai ruwan ƙasa ma haka. Ƙaramar na'urar gano kabon monoksaid mai batir, wadda ake maƙalawa a ƙirji, ita ce kawai za ta faɗa maka abin da hanci ba zai ji ba. Ka ɗaura tukunyar kashe gobara mai hoda a madgad, inda hannu zai kai daga ƙasa.

Bayan kwana biyu na aiki sake bin notuna da ɗamara, girgiza tana sassauta su.

A bakin aiki

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne gabanka yana gumi bayanka yana daskarewa. Rumfar tana aiki sosai idan ka fuskanci iska, tana kasawa idan iskar ta biyo ka ta baya, domin tana tura ɗumin ya koma inda ya fito. Idan aikin ya ba da zaɓi, tsara shi yadda doguwar tafiya za ta zama da iska a gaba ko a gefe. Sa tufafi hawa-hawa, babbar riga mai zif da za ka iya buɗewa idan zafi ya taso. Gumi a cikin rigar auduga shi ne ke kayar da mutum da zarar ya sauka buɗe ƙofar shinge. Na ciki ya zama ulu ko yadin roba mai saurin bushewa. Dogon rawani ko gyale mai jela a bar shi a gida, a sa abin wuya mai zagaye wanda ba shi da bakin da inji zai kama.

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko barci mai nauyi da ya zo ba dalili, kada ka ce gajiya ce. Kashe inji, sauka, ka yi nisa da taraktar, ka sanar da wani. Idan bai sake ka ba cikin ɗan lokaci, ko ka ji ruɗewa ko ciwon ƙirji, a kira lambar gaggawa ta 911. Taraktar kuma ba a sake hawanta sai an gano ɓular. Kada a taɓa shigar da hitar gas ko ta kananzir cikin rumfa, balle irin wadda aka rufe ta ko'ina da rufi da ƙofofi.

Allurar zafi ita ce ke faɗa maka yawan buɗewa. An yi gefunan yadda za a iya naɗe su baya. Da rana ta ɗaga, ko ka ɗora wa injin nauyi kamar jan kurar taki a tudu, naɗe gefe ɗaya zuwa rabi, ka fara da na wajen salansa. A ranakun tsananin sanyi kuwa, wasu kan sa kwali a gaban lagireto don injin dizal ya kai zafinsa. Yana aiki, amma a yanka rami a tsakiya daidai cibiyar fanka, domin rufe rabi guda yana sa fukafukan fanka su riƙa lanƙwasa a kowane juyi har su tsage. Kuma idan an rufe gaba da yawa iskar da ke iso ka tana raguwa. Cire kwalin da zarar allura ta wuce inda ta saba tsayawa.

Masu yi wa shanu shimfiɗa da kara ko niƙa masara su riƙa buɗe gefe kowace yamma suna kakkaɓe ƙaiƙayi. Tamfol yana ɓoye tarin da ido zai gani idan babu shi.

Gilashin roba yana da nasa hali. Idan raɓa ta daskare a kansa, bar ɗumin inji ya narkar da ita. Kankara da abin kankare gilashin mota yana barin zane na har abada, kuma da rana ta yi ƙasa ta haska wannan zane ba ka ganin komai. Ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi da tsumma mai laushi sun isa, ban da maganin goge gilas mai amoniya. Ka kuma tuna rumfar ta ɓoye maka tayoyin gaba da abin da ke gefensu. Maraƙi ko kare ko yaro zai iya tsayawa a nan ba ka sani ba, don haka zagaya taraktar kafin ka motsa.

Idan aikinka da injin feso dusar ƙanƙara ne wanda ake ɗaurawa a baya, wannan rumfa ba za ta wadatar ba. Da baya-baya ake tafiya, fuska a waige, ƙanƙarar tana dawo maka ta inda rumfar take buɗe, ɗumin inji ya narkar da ita a cinyarka, ta sake daskarewa. Wannan aiki rumfa mai rufi da labulen baya yake so, kuma ita ma sai an bar mata kafar shan iska.

Abu guda da rumfa ba ta yi ko kaɗan shi ne kare ka idan tarakta ta kife. Ƙarafanta siraran bututu ne. John Deere ya fito da ƙarfen kariya na Roll-Gard a 1966, dokar ma'aikata ta Amurka kuma ta wajabta irinsa a kan taraktocin da ma'aikata ke tuƙawa waɗanda aka ƙera bayan Oktoban 1976, amma yawancin waɗanda ake ɗaura wa tamfol sun girmi dokar. A kan ƙanƙara haɗe fedojin birki biyu wuri guda kafin ka hau titi, riƙe loda a ƙasa-ƙasa, ka nisanci bakin kwalbati da dusar ƙanƙara ta rufe. Idan akwai ƙarfen kariya, ɗaura bel. Idan babu, ba a ɗaura bel.

Cirewa da ajiya

Cire ta da zarar sanyi ya karye, wajen ƙarshen Maris ko Afrilu, kafin a shiga huɗa. Huɗa da gefuna a rufe hanya ce ta dafa inji. Wannan ne ma ya sa ba a kwaikwayon ta a gida Najeriya ko Nijar: sanyin hunturu, ko na Jos ne, bai kai wanda za a rufe wa inji gefe ba, kuma da hantsi ya yi lagireton na buƙatar duk iskar da zai samu.

Kafin ka kwance, ɗauki hoto ta kowane gefe da waya, ka rubuta hagu da dama a jikin ƙarafan. Notuna da washa a zuba a gwangwani guda a ɗaure shi da su. Goge laka da buroshi idan ta bushe, wanke tabon mai da sabulu, ka shanya tamfol ɗin ya bushe ƙarau, domin wanda aka naɗe da danshi yana fumfuna ya ruɓe kafin kaka. Ƙaramar yaga a ɗinke ta yanzu da faci ta ciki, zoben da ya fita a mayar, inda ruwa ya fara ratsawa a sake shafa maganin ruwa. Gilashin roba a naɗe shi kamar tabarma da tsohon zani a tsakani, ba a ninke shi. Rataye komai a sama ko ka sa a durom mai murfi, saboda ɓerayen rumbu suna son auduga don yin sheƙa.